Ƙofa ta Huɗu

Zuwa ga ƙanwata, ungozomar gobe,

Sallama da gaisuwa daga ni da duk mai cin abinci a gidan nan. Ina fata karatu bai ramar da ke ba, kuma jariran da kuke tarba suna zuwa da kai ba da ƙafa ba. Mu dai lafiya lau. Ciwon bayana ya yi sauƙi tun da matata ta ɗaga mini kujerar shago da bulo. 'Ya'yanki uku suna nan garau. Dogo ya ƙara tsawo har wandon makarantarsa ya koma na ƙwallo, Aku bakinta bai huta ba tun ranar da kika tafi, Auta kuwa haƙorinta na gaba yana girgiza. Har yanzu tana sa takalmin hagu a dama, don haka na ɗinka mata jan zare a warin dama, na ce duk inda ta ga ja, nan ne gefen hannun cin abinci.

Yanzu ga labari, kuma ki gyara zama, domin yayanki mai ɗinkin takalma ya zama alƙali. Kin tuna zanenki mai ruwan ganye da kika manta a kan igiya? Matata ta so ta wanke shi, yaran suka yi mata ca, wai ƙanshinki zai tafi. Tun daga ranar, kullum da yamma sai an yi yaƙi a kan wanda zai lulluɓa da shi. Dogo ya ce shi ne babba, Auta ta ce ita ce ƙarama, Aku ta ce ita ta fara ganinsa. Na ce a riƙa yi bi da bi, sai ya zama kowa ya rantse jiya ba shi ya samu ba, ni kuma ga mantuwa.

Rannan ina yankan roba sai dabara ta faɗo mini. Na yanka tafin takalmi na yara, hagu da dama, ban sa musu igiya ba. Gefe ɗaya sumul, inda ƙafa ke takawa, gefe ɗaya mai zane, wanda ke taka ƙasa. Idan aka wulla su sama, hanya uku ce za su faɗo. Ko duka biyu su faɗo a zaune, gefen sumul a sama, wannan na Dogo ne. Ko duka biyu su faɗo a kife, wannan na Auta. Ko ɗaya ya zauna ɗaya ya kife, wannan na Aku. Yara uku, faɗuwa uku, kowa da tasa. Ki faɗa mini in kin taɓa jin hukuncin da ya fi wannan adalci.

Abin ya karɓu fiye da yadda na zata. Kafin in rufe shago sai a taru a bakin ƙofa, har mai askin da ke gefenmu yakan bar kan mutum rabi ya leƙo. Yanzu ba zane kaɗai ba, har wanda zai murza mini keken ɗinki da wanda zai kai wa mai shi takalmin da aka gama, duk wullawa ake yi. Aku dai da alama da sa'a aka haife ta, ita ta fi kowa ci. Auta ma ta daina kukan da take yi in ba ta samu ba.

Direban da ke kai kaya wajenku zai kawo miki wannan, tunda wayarku ba ta shiga sai an hau tudu. Ki ci abinci, kada ki ce karatu ya hana.

Yayanki.

*

Zuwa ga Yaya,

Na amsa sallamarku, kuma na karanta wasiƙarka har takardar ta yi laushi. Lafiyata ƙalau, sai ƙafa da ke kumbura saboda tsayuwa a ɗakin haihuwa. Yaya, na karɓi haihuwa da hannuna, ni kaɗai, malamarmu tana tsaye a baya ba ta sa mini hannu ba. 'Ya mace ce, ta zo da gashi da murya. Da na koma ɗaki sai na rasa wanda zan faɗa wa, sai na faɗa wa hoton yaran.

To alƙali, sannu da shari'a. Na bar maka yara ka sa ido a kan karatunsu, kai kuma ka buɗe musu filin wulle-wulle a ƙofar shago. 'Yan ɗakinmu da na karanta musu sun ce in tambaye ka ko caca kake koya musu. Na ce a'a, ƙuri'a ce, yayana ko kwabo ba ya yarda a sa a wasa. Amma wani abu ya tsaya mini. Ka ce rabo uku ne daidai, ka kuma ce Aku ce ke ci kullum. Ni na haife ta, na san saurin hannunta. Ka karanta mata wannan da muryata: Aku, in wayo kike yi wa 'yan'uwanki wajen wullawa, ki bari, ba na so.

Abin da ya fi faranta mini rai shi ne Auta ta daina kuka. Da na kai nan sai da na yi ajiyar zuciya. Ashe yarinyar ta fara sabawa, ni ce ke nan nake ta damun kaina.

Yanzu nawa labarin, kuma ka riƙe su kada su fasa maka shago. Za a ba mu hutun mako guda a ƙarshen zango. Ni ba zan samu zuwa ba, an sa sunana cikin masu aiki a asibiti lokacin hutun. Amma uwar ɗalibai ta yarda kowace mai 'ya'ya ta kawo yaro ɗaya ya kwana a gadonta. Ɗaya tak, domin ɗakin namu gado huɗu ne, tsakaninsu da ƙyar mutum ke wucewa. Maƙwabciyarku mai saƙa ta ce mini tun kafin in taho za ta zo ganin 'yarta a wannan lokacin, ka roƙe ta ta riƙo mini ɗaya. Ni ba zan iya zaɓa ba, duk wanda na ambata sai in ji na ci amanar biyun. Ka bar takalmanka su zaɓa, amma kai za ka wulla da hannunka.

Ka gaishe da matarka, ka ce na gode da ba ta wanke zanen ba.

Ƙanwarka.

*

Zuwa ga ƙanwata,

Gaisuwa da murnar haihuwar da kika karɓa, Allah ya sa albarka a hannun. Muna lafiya. Haƙorin Auta ya fita, ta ajiye shi a gwangwanin ƙusoshina ta ce sai kin gani.

Na karanta wa Aku saƙonki kamar yadda kika ce, kuma da na sani da ban karanta ba. Yarinyar da ba ta shiru ko tana cin abinci ta yini ba ta ce komai ba. Da yamma ta kawo mini tafukan ta ce ita ba za ta ƙara taɓa su ba. Sai na koma ni nake wullawa. Aku ta ci. Na ba mai aski, Aku ta ci. Na ba matata, wadda ko ƙwallo ba ta taɓa jefawa ba, ta wulla har ɗaya ya hau rumfa, da muka sauko da shi muka sake, Aku ta ci. Ba kullum ba, amma in an yi wullawa da yawa, wajen rabi nata ne, sauran biyun su raba ragowar. Mai aski ya ce akwai mutanen da haka Allah ya yi su. Ni dai na san babu wayo a ciki, ki cire wannan daga ranki.

Sai maganar Auta, kuma a nan ni na rubuta a gajarce, ke kuma kika ɗauke ta da daɗi. Ba sabawa ta yi ba. Ta daina kuka ne don ta daina tsayawa a wurin. Da ta ga an ɗauko tafukan sai ta shige ƙarƙashin teburina, cikin ragowar roba, ta zauna tana jera su. Dogo shi ma ba ya ci sosai, amma shi yana da ƙwallo da abokai, ya ɗaga kafaɗa ya wuce.

Ranar da na faɗa musu zancen hutu, Dogo da Aku suka yi ta tsalle har suka ture mini gam. Auta ta leƙo daga ƙarƙashin tebur ta tambaya ko takalma ne za su zaɓa. Na ce e. Ta ce, "To, ku gaishe ta." Ta koma ciki.

Daga baya matata tana yi mata wanka ta lallaɓe ta, sai ta faɗi abin da ke ranta. Wai takalman sun san kin fi son Aku. Wai ranar da muka raka ki tasha ita ce ta riƙe miki riga tana ihu har mutane suka taru, kika ɓamɓare hannunta kika juya baya, ba ki waiwayo ba. Tun ranar take ganin fushi kike da ita, kuma takalman suna bin bayanki ne.

Ki duba fa, ƙanwata. Na yi abin nan don in raba rigima, ga shi ya zama shaida a kan yarinya. Na duba tafukan gaba da baya, na auna su, nauyinsu ɗaya. Uku ne, uku ne, amma ba sa faɗuwa kamar uku, kuma na rasa dalili.

Yayanki.

*

Yaya,

Ina gaisuwa. Lafiyata lau, amma hankalina ba ya nan. Motar direba ta zo ta koma, ta sake zuwa, babu komai daga gare ka tun waccan wasiƙar. Na hau tudun da waya har ƙafata ta gaji, taka a kashe.

Ka faɗa wa Auta ban yi fushi ba. Na juya baya ne don kada ta ga fuskata, kuma da na waiwayo da ban shiga motar ba. Tun rasuwar babansu ban taɓa kwana nesa da ita ba sai wannan karatun. Ka faɗa mata da kalmomin da za ta gane, kai ka fi ni iya magana da yara.

Ka ba Aku haƙuri. Na zarge ta daga nesa ban ga komai ba, kuma abin yana cina.

Tafukan nan kuwa ka jefa su a shara. Jiya na yanke shawara a kawo Auta kawai, yau da safe na tuna Dogo bai taɓa roƙona komai ba, kuma Aku na riga na ɓata mata. Na koma inda na fara. Don Allah ka rubuto, ko layi biyu ne.

Ƙanwarka.

*

Zuwa ga ƙanwata,

Gaisuwa a tsaye, domin na kasa zama. Kowa lafiya, wayata ce ta faɗa ruwan jiƙa fata. Ban rubuto ba don ba ni da abin faɗa sai baƙin labari, yau kuwa bakina har kunne. Na isar da saƙonninki. Aku ta yafe miki nan take, da sharaɗin a faɗa wa mai aski. Auta ta saurara, ta koma jera robarta. Tafukan kuma ban jefar ba, kuma ki gode wa Allah da ban ji maganarki ba.

Rannan da rana Auta tana ƙarƙashin tebur sai ta ɗauko su ta jera a cinyarta. Ta ce na dama ba shi da jan zare, shi ya sa ba su san hanya ba. Don in faranta mata na ɗauki basilla na yi masa ɗinki biyu da ja, yadda ake gani ta kowane gefe. Da yamma aka taru. Ba ta shiga ba, amma ta tsaya a bakin ƙofa tana kallon jan zarenta. Aka wulla na murza keke, ɗaya a zaune ɗaya a kife, Aku ta ci. Aka wulla na zane, haka dai, Aku ta sake ci. Sai na ji an ja mini riga.

"Kawu, Aku ƙofa biyu gare ta. Ɗazu jan ne ya kife, ta ci. Yanzu jan yana zaune, ɗayan ne ya kife, ta sake ci."

Basillar da ke hannuna ta faɗi. Ni da na yi furfura ina bambance hagu da dama, ni da nake yi wa yarinyar nan faɗa kullum a kan haka, na haɗe su na kira su faɗuwa ɗaya. Na shiga shago na kwaso takalman mutane daga kanta, na ɗaura wa kowane warin dama jan zare, na ce su jera mini duk yadda za su iya faɗuwa. Suka durƙusa a ƙasa. Layi na farko, duka a zaune. Na biyu, ja a zaune, hagu a kife. Na uku, ja a kife, hagu a zaune. Na huɗu, duka a kife. Na ce a nemo na biyar. Dogo ya juya ya juya, duk wanda ya kawo sai Auta ta nuna masa yana cikin layi. Mai aski ya cire nasa takalmin ya jingina shi a gefe, ya ce ga na biyar, yaran suka ce tafin roba ba ya tsayuwa a kan gefensa, ya mayar da abinsa ƙafa yana ƙunƙuni.

Huɗu ne, ƙanwata, ba uku ba. Na ba Dogo ɗaya, na ba Auta ɗaya, na ba Aku biyu ban sani ba. Shi ya sa take cin rabi. Aku ta yi rawa don an wanke ta, sannan ta ɗan sha mur da ta gane ba wata baiwa ce da ita ba. Auta kuwa ta yi ta zagaya layukan tana taɓa kowanne da yatsa, tana ƙirgawa da ƙarfi ta gurbin haƙorinta. Ta tambaye ni ko ke kika ba Aku biyun. Na ce a'a, Kawu ne, kuma rashin iya lissafi ne ba ƙauna ba. Ta yi dariya, irin wadda rabon da in ji ta tun kina nan.

Yanzu bangon shagona ya zama allo. Sun zana ƙofofi huɗu da alli, a ƙarƙashin kowace akwai hoton yadda tafukan ke kwanciya. Dogo ya ƙara wari na uku ya ce mu ƙirga. Ni na tsaya a shida kaina ya ɗau zafi. Shi ya gano dabara: ka bar jan a zaune, ka juya sauran har su ƙare, sannan ka kife jan ka sake daga farko. Da haka ya kawo takwas, babu wanda ya maimaitu. Yaran layinmu sun fara zuwa bayan makaranta, kowa da warin takalmi a hannu, iyaye suna ta neman na masallaci.

Kada ki ce daga gyarawa Auta ta fara ci. An yi wullawa da dama a jere ba ta samu ba, gabana yana faɗuwa. Amma ba ta shiga ƙarƙashin tebur ba. Ta je bango ta dafa ƙofarta ta ce tana nan. Ta tambaya ko takalman suna tuna wanda ya ci jiya, na ce roba ce, ba ta tuna komai. Washegari ta ci sau biyu.

Saura ƙofa ta huɗu, wadda aka karɓe daga Aku, wato ja a kife, hagu a zaune. Ni na ce in ta faɗo a sake wullawa. Aku ta ce a'a, a ba Umma. Suka rubuta sunanki a kanta. In ta faɗo, sai a shimfiɗa zanen a kansu su uku, kamar ke ce kika rufe su. Sun kuma ce ranar zaɓen tafiya, in ƙofarki ta faɗo, ke za ki zo. Na ce to, don ban ga laifin abin ba.

Yayanki, ɗalibin Auta.

*

Zuwa ga Yaya,

Gaisuwa mai yawa. Ina lafiya, kuma yau na ci abinci har na ƙara. Na karanta wasiƙarka a tsaye a bakin ƙofar makaranta, ina dariya ina share ido, mai gadi yana kallona kamar na zautu. 'Yata, wadda ba ta san hagu da dama ba. Ka rungume mini ita sosai.

Kada ka ji kunya kai kaɗai, ni ma da na karanta ukun nan na ce daidai ne. Na shiga ɗaki na tara 'yan ɗakinmu, na ce mace ta haihu sau biyu, ta hanya nawa 'ya'yan za su iya zuwa? Duka suka ce uku: maza biyu, mata biyu, ko namiji da mace. Na cire takalmana na ɗaura wa ɗaya igiyar gashi, na ce wannan shi ne ɗan fari. Namiji a fari mace a baya daban, mace a fari namiji a baya daban. Nan take aka kaure da gardama har uwar ɗalibai ta leƙo. Ta tafi tana lissafi da yatsu. Ka faɗa wa Auta ta koyar da manyan mata.

Amma Yaya, ƙarshen wasiƙarka ya tsinka mini zuciya. Kai da ka koyi ƙirga ƙofofi, ka ƙirga wannan. Cikin huɗu akwai ɗaya da za ka dubi yaran nan ka ce musu Umma tana zuwa, ni kuwa ba zan zo ba. Na faɗa maka sunana yana cikin masu aiki. A kan zane ku bar mini ƙofata, na ji daɗinta ƙwarai. Amma a kan tafiya, in ta faɗo, a sake wullawa. Ka gaya musu tun kafin ranar, kada su sa rai. Yarinyar da ta fara yarda ba na fushi da ita, kada a yi mata alkawari da sunana a karya.

Ƙanwarka.

*

Zuwa ga ƙanwata,

Muna gaishe ki, jiki lafiya. Wasiƙarki ta zo, amma ta makara da yini ɗaya.

Mai saƙa ta matsa a faɗa mata wanda za ta tafi da shi, don ta san irin shirin da za ta yi. Sai muka sa rana. Yaran suka yi wanka suka sa kayan fita kamar a ranar za a tafi. Layinmu duka ya taru, mai aski ya kawo benci. Dogo ya tsaya a gaban bango ya bayyana wa jama'a ƙofofin ɗaya bayan ɗaya, ya ce kowa nasa ɗaya cikin huɗu, babu mai biyu. Na yi bisimilla na wulla. Ja ya kife, hagu ya zauna.

Ban taɓa ganin murna irin wannan ba. Babu wanda ya ci, amma su ukun suka rungume juna suna juyi har suka faɗi. Aku ta bi gida gida tana sanarwa. Dogo ya ɗauki tsintsiya ba a aike shi ba ya share ɗakinki. Auta ta ɗauko haƙorinta daga gwangwani ta wanke shi. Ni ma, in faɗa miki gaskiya, na manta da zancen aikinki, na shiga cikinsu.

Washegari direba ya miƙo mini takardarki. Na karanta, na zaunar da su, na ce Kawu ya sake kuskure, Umma tana da aiki, za a sake wullawa. Dogo ya sunkuyar da kai. Aku ta fara kawo hujjoji, ta ga ba za su yi ba ta bari. Auta ba ta yi kuka ba. Ta tambaye ni, ba ni na ce abin da zai iya faruwa kaɗai ake ƙirgawa ba, shi ya sa aka hana mai aski nasa na biyar? Na ce haka ne. Ta ce, "To in Umma ba za ta iya zuwa ba, wannan ba ƙofa ba ce." Ta je bango ta goge taki da tafin hannunta, ta shafa allin a rigarta.

Ba ta koma ƙarƙashin tebur ba, kada ki ji tsoro. Tana wasa, tana cin abinci. Amma duk lokacin da na ɗaga kai sai in ga ƙofofi uku da farin tabo a gefe. Ban sake wullawar ba tukuna, tafukan suna cikin aljihun tebur. Laifina ne da na ce to ban tambaye ki ba. Mai saƙa ta ba ni wa'adi zuwa dawowar direba.

Yayanki.

*

Yaya,

Gaisuwa, ina lafiya, kuma ina rubutu da sauri don direba yana ɗumama mota.

Ka ba mai saƙa haƙuri, ka ce ta yi tafiyarta ba da yaro ba. Kada ka sake wullawa.

Aikin hutun nan ana musaya. Akwai wata 'yar ajinmu da gidansu ke bayan asibiti, tun da aka sa sunana ta ce in ina so za ta karɓa mini, ni in yi mata nata bayan hutu. Na ce mata a'a, na gode. Ba aikin ne ya riƙe ni ba. Tashar nan nake tsoro. Na ga in yaro ɗaya ya zo, hannu biyu kawai zan ɓamɓare daga rigata, in kuwa na zo gida, shida ne. Don haka da na zauna lissafin hutun nan na ce ko Dogo, ko Aku, ko Auta. Uku na ƙirga ni ma, kuma ni na ga ta huɗun sarai na kau da kai.

Ɗazu na je na sami yarinyar, ta amince, malamarmu ma ta yarda. Ranar da aka ba da hutu zan shigo motar farko. Ranar komawa kuwa za a yi kuka a tasha, har da ni, kuma wannan karon zan waiwayo ta gani.

Ka ce wa Dogo na gode da shara. Ka ce wa Aku ta sake bin gidajen, labarinta gaskiya ne. Matarka ta wanke zanen yanzu, ya sha jiki. Silifas ɗina ya tsinke, ka yanka mini sabo, kuma ka sa jan zare a na dama.

Sannan ka ba Auta alli ta mayar mini da ƙofata. Ka ce ta yi ta da faɗi, domin ina tafe da kaya.

Ƙanwarka.